Kurakuran da aka fi yi wajen bayanin matsayin dabbobi a wurin manoman farko

Duk lokacin da na zauna duba takardun ɗalibai kan farkon noma da kiwo, akwai jimlar da ba na rasa gani: wai mutanen dā sun fara kiwo ne don su sami nama. Ba ƙarya ba ce, sai dai kamar a ce Bafulatani yana bin shanu ne saboda tsire. Mai wannan jimla ya ari idon mahauci ne ya kalli garken shekara dubu tara da suka wuce. Gyaran shi ne a yi wa ƙashin da aka tono tambaya: na wace dabba ne, tana da shekara nawa aka yanka ta, kuma a ina aka tsince shi, a juji, ko a ɗaki, ko a kabari? A Ganj Dareh ta ƙasar Iran, ƙasusuwan awakin kimanin shekara 10,000 sun nuna ana yanka bunsuru tun yana ƙarami, a bar akuya ta tsufa tana haihuwa. Wannan lissafin mai garke ne, mai tunanin baɗi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne Çatalhöyük, wani tsohon gari a tsakiyar Turkiyya da aka zauna tun wajen 7100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gidajen laka ne manne da juna, ba lungu, ta rufi ake shiga da tsani. A cikin ɗakuna an sami ƙahonin bijimai kafe a bango da bakin dakali. Da ɗalibi ya ga hoton, sai ya rubuta cewa shanu ne dukiyar garin. To, ƙahonin na bijimin daji ne da ake farautowa, don shanun gida ba su shigo garin ba sai wajen 6500. Ka leƙa jujinsu, tumaki da awaki ne suka fi yawa. Su ne na tukunyar kullum, amma da wuya ka gan su a zanen bango. Bijimin dajin kuwa na ranar taro ne: a haɗu a kayar da shi, a ci tare, ƙahon ya zauna a ɗaki ana tunawa. Idan za ka rubuta, raba dabbar ci da dabbar alfahari.

Daga nan wasu kan zarce, komai suka gani su ce bauta ce. James Mellaart, wanda ya fara tonon wurin a 1961, shi ma ya kira ɗakunan nan wuraren ibada. Tawagar Ian Hodder da ta koma a 1993 ta tarar gidaje ne da ake girki, ake kwana, ake binne mamata ƙarƙashin daɓe. Haka kyanwar da aka binne dab da wani mutum a Shillourokambos ta tsibirin Saifurus, shekara 9,500 da suka wuce. Abin da muka sani shi ne an binne su kusa da juna. Faɗi wannan tukuna, fassara ta biyo baya da "mai yiwuwa".

Sai kuskuren da ya fi ba ni haushi, don a ƙofar gidanmu yake: wai ko'ina noma ne ya riga kiwo. A Gabas ta Tsakiya kusan tare suka taso, amma a Afirka saniya ta riga gona. A Nabta Playa, kudancin Masar, an binne saniya sukutum cikin rami mai rufi fiye da shekara 7,000 da suka wuce. A Takarkori ta Libiya an gano maiƙon nono a jikin tukwane masu kusan wannan shekaru, lokacin Sahara tana da ciyawa da tafkuna. Geron gida kuwa, tsohuwar shaidarsa daga kwarin Tilemsi na Mali ba ta wuce shekara 4,500 da ɗoriya ba. Ko a Gajiganna ta Borno, waɗanda suka zauna wajen 1800 kafin haihuwar Annabi Isa da shanunsu suka iso, har suna ƙera 'yan shanu na yumɓu, gero sai daga baya. Kare ma ya riga su duka, tun zamanin farauta.

Kada kuma ka kora garken yau cikin labarin jiya. Shanun da aka zana a duwatsun Sahara ba su da tozo. Masu tozo daga Asiya suka zo daga baya. Garmar shanu ba ta bayyana ba sai dubban shekaru bayan fara kiwo.

Na ƙarshe, ɗaukar garke a matsayin kayan mutum ɗaya. A Kerma ta Sudan, wajen shekara 4,000 da suka wuce, an jera kawunan shanu sama da 4,000 a gefen kabari guda, wasunsu an lanƙwasa musu ƙaho da gangan tun suna 'yan maruƙa. Ɗalibi yakan rubuta "mamacin attajiri ne" ya wuce. Masana na ganin daga wurare daban-daban aka kawo shanun, wato kowane kai yana nuna wani da ya zo sauke nauyin zumunci ko biyayya. Wanda ya san haɓɓanaye na Fulani, inda ake ba ɗan'uwa aron saniya ya riƙe har ta haihu ya mayar da uwar, ba zai sha wuyar ganewa ba. Haɓɓanaye ba hujja ba ce kan Kerma, shekara dubu huɗu ne tsakaninsu, amma tana koya maka tambayar da za ka yi a bakin kabarin: wa ya kawo wannan saniya, kuma me ke tsakaninsa da mamacin?