Yadda Za Ku Tantance Gidan Kula da Masu Jinkirin Fahimta Kafin Ku Damƙa Masa Ɗan'uwanku

A Garwa da Marwa da Ngaundere da ke arewacin Kamaru, akasarin masu jinkirin fahimta a gida suke girma, a hannun uwa ko kaka, kuma hakan ya fi dacewa muddin da hali. Sai dai wata rana uwa kan tsufa ko ta rasu, 'yan'uwa kowa ya kama gabansa, sai a shiga neman wurin da zai riƙe shi dare da rana, ko cibiyar wata ƙungiya, ko gidan mishan, ko gidan wani mai magani da aka ce yana karɓar irin waɗannan bayin Allah. Wuraren ba su da yawa a arewa, shi ya sa iyali kan rungumi duk wanda ya buɗe musu ƙofa. Amma wanda za a kai sau da yawa ba ya iya bayyana abin da aka yi masa, in ma ya faɗa ba a cika gaskata shi ba, saboda haka binciken da ba zai iya yi wa kansa ba, wajibi ne ku yi masa shi.

Ku fara da ofishin jin daɗin jama'a na gundumarku, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar da aka fi sani da MINAS. Ku tambaya ko sun san gidan, ko yana da izinin aiki, ko kuma an taɓa kai ƙararsa. Dokar ranar 13 ga Afrilu 2010 mai kare haƙƙin naƙasassu a Kamaru ta haɗa har da masu naƙasar ƙwaƙwalwa, kuma ta wannan ofishi ake bi a nemi katin naƙasa, wanda ya kamata a mallaka tun kafin a bar gida. Takardar izini dai ba ta shaidar halin ma'aikata, wannan sai ido ya gani.

Ku je sau biyu aƙalla. Zuwan farko ku sanar, ku zauna da shugaban wurin, ku saurari bayaninsa. Na biyu kuwa ku faɗo ba zato, da tsakar rana ko bayan magariba, lokacin da shugaba ya tafi gida, aka bar mazauna da masu aikin dare. Ku dubi ƙofofin ɗakin kwana: idan kwaɗo ta waje ake sa shi, ku tambayi wanda ke riƙe mabuɗi da dare, da abin da zai faru idan gobara ta tashi. Ku sunkuya ku gaisa da mazauna ɗaya bayan ɗaya, kuna duban idon sawunsu da wuyan hannunsu, domin mari da igiya suna barin baƙin zobe a fata ko da an kwance su kafin shigowarku. A shekarar 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton samun ɗaure mutane da sarƙa a ƙasashe 60, galibi da sunan magani ko tsaro. A ganina duk gidan da ke ɗaure mutum ya faɗi, komai kyan gininsa, kuma babu uzurin da ya kamata ku saurara.

Akwai wani ɗaurin da ba a ganin igiyarsa. Idan kuka tarar da rabin mazauna suna kwance da hantsi, yawu na zuba, ido a lumshe, to ku nemi sanin irin maganin da ake ba su da likitan da ya rubuta shi. Magunguna irin su Largactil da Haldol suna da amfani ga wanda likita ya ga yana bukata, amma jinkirin fahimta ba ciwon hauka ba ne, kuma ba daidai ba ne a riƙa ɗirka wa mutum ƙwaya don kawai ma'aikata su huta. Waɗannan magunguna suna kuma rage wa jiki ƙarfin jure zafi, alhali a Garwa zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40. Don haka ku lura ko randa tana inda hannu zai kai, da moɗa a kanta, kuma ko akwai mai zagayawa yana shayar da waɗanda ba sa iya cewa suna jin ƙishirwa.

Farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu jinkirin fahimta fiye da sauran jama'a, kuma a nan ake gane ƙwarewa. Kada ku tambayi shugaba, ku ja mai aikin dare gefe ku ce masa: “Malam, idan ɗayansu ya faɗi, me kake yi?” Amsar da ta dace ita ce ya janye abin da zai ji masa rauni, ya sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, ya kwantar da shi a gefe ɗaya idan fizgar ta lafa, kuma idan ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. Wanda ya ce zai cusa cokali a baki, ko ya danne shi, ko ya ɗura masa ruwa, bai san aikin ba. Ku dubi rijiya ko a rufe take, da murhu ko an kange shi. Maganin farfaɗiya, kamar fenobarbital, ba a yanke shi farat ɗaya, domin hakan na iya jawo faɗuwa mai tsanani, saboda haka ku daddale tun farko wanda zai saya idan ya kusa ƙarewa, ku kuma nemi a riƙa rubuta kowace faɗuwa a karnensa, wato littafinsa na asibiti.

Ku tsaya har lokacin cin abinci, ku ga ko ana zaunar da mai wahalar haɗiya a miƙe ana ba shi a hankali, domin shaƙewa tana kisa. Banɗaki da sabulu da gidan sauro kuwa kallo ɗaya ya isa, musamman a Arewa Mai Nisa inda kwalara kan ɓulla da damina.

Idan mace ce za ku kai, ku cire kunya ku yi tambaya dalla-dalla: wa ke yi mata wanka, wa ke taimaka mata lokacin al'ada, ina maza ke kwana, kuma mace nawa ke aikin dare. Ku binciki ko ana biyan ma'aikata a kan lokaci, tun da wanda ya yi watanni ba albashi a kan marar ƙarfi yakan huce. Ku tambayi maƙwabtan gidan ko ana fitar da mazauna bara.

Shi kansa mai zaman a tafi da shi ya ga wurin, a kuma ji ta bakinsa ko a karanci fuskarsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, a sashe na 19, ta ba shi damar zaɓen inda zai zauna da waɗanda zai zauna da su. A fara da gwajin 'yan kwanaki, sannan a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da kuɗin wata, da 'yancinku na ziyara kowane lokaci, da sharaɗin a kira ku a ranar da ya kwanta ciwo.

Bayan an kai shi, ku raba ziyara tsakanin 'yan'uwa, kuna sassauya rana da lokaci. Rama, da ƙurajen da ba a kula da su ba, da fitsarin kwance ga wanda ya daina, da maƙale muku da kuka idan wani ma'aikaci ya matso, duk alamu ne da ba a jira a kansu. Ku ɗauke shi a ranar, ku kai shi asibiti likita ya duba ya rubuta takardar shaidar rauni, sannan ku sanar da ofishin jin daɗin jama'a, ku kira 'yan sanda a 117 ko jandarma a 113. Ko da an zo ana ba ku haƙuri don a rufa asiri, ku bar ƙarar ta ci gaba, domin akwai waɗanda suka rage a gidan da ba su da mai zuwa dubansu.