Yadda Ake Gano Son Kai a Binciken da Kamfanoni Suka Biya Kuɗinsa

Idan ka ci karo da rahoton da ke cewa wani sinadari ba ya illa ga ƙwaƙwalwa, fara duba ƙarshen takardar, inda marubuta ke bayyana wanda ya ɗauki nauyin aikin. Tarihin gubar dalma a Amurka ya isa misali: tun daga shekarun 1920, Robert Kehoe ya daɗe yana jagorantar bincike kan dalmar da ake zubawa a man fetur, alhali kamfanonin General Motors da DuPont da Ethyl, masu cin ribar wannan dalmar, su ne ke ɗaukar nauyin ɗakin bincikensa a Jami'ar Cincinnati.

Daga nan sai ka duba da su wa aka kwatanta, domin a nan ne ɓaraka ta fi ɓuya. Kehoe ya ɗauki dalmar da ke jinin mutanen zamaninsa a matsayin abin da jiki ya saba da shi, bayan kuwa muhalli ya riga ya gurɓata, kamar yadda masanin kimiyya Clair Patterson ya nuna a 1965. Ka kuma lura da abin da aka auna, domin binciken da ya tsaya kan rashin lafiyar ma'aikata baligai ba zai hango raguwar basirar yara ba, wadda likitan yara Herbert Needleman ya gano a 1979 ta hanyar auna dalma a haƙoran da yara suka zubar.

Kuɗin kamfani kaɗai ba ya soke sakamako, amma ka bincika ko masana masu zaman kansu sun maimaita aikin, kuma ko an saki ainihin bayanan domin wasu su tantance.