Kurakuran da ke sa mu rasa haƙorin da za a iya ceto

Wata maƙwabciyarmu ta kwana uku ba barci saboda turminta na ƙasa. Ta cusa kanumfari a kogon, ta kuskure baki da ruwan gishiri, har wata ta ba ta shawarar ta danne ƙwayar asfirin a kan dasashi. Rana ta huɗu zogin ya ɗauke ɗif, ta yi hamdala. Bayan sati biyu muƙamuƙinta ya kumbura suntum, ko cokali ba ya shiga bakinta. Da aka je asibiti, sai da aka tsaga wurin aka fitar da mugunya, haƙorin ma aka cire shi.

Babban kuskurenmu ke nan, ɗaukar lafawar ciwo a matsayin waraka. Haƙori yana da ɓawo fari mai tauri, a ƙarƙashinsa akwai sashe mai ɗan taushi, can ciki kuma jijiya da hanyoyin jini. Ƙwayoyin cutar da ke baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai zaizaye ɓawon. Muddin ramin bai kai jijiya ba, ciko kawai likita zai yi: ya kankare ruɓaɓɓen wurin, ya cike shi, sau da yawa a zama ɗaya. Idan ya kai jijiya, nan ne ake kwana ana juyi. Ko a lokacin ba a makara ba, domin ana iya cire jijiyar, a wanke hanyarta a toshe, a sa wa haƙorin hula ya ci gaba da tauna shekara da shekaru. Amma in zogi mai tsanani ya tsaya da kansa, galibi jijiyar ce ta mutu, cutar kuwa ta gangara saiwa tana tara mugunya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da ka ji ruwan sanyi ko shayi mai zaƙi yana tsira maka a haƙori ɗaya, lokacin zuwa ya yi.

Asfirin a kan dasashi ƙuna yake yi, ya bar farin gyambo. Ruwan batir da fetur da wasu ke ɗigawa sun fi shi ɓarna nesa ba kusa ba, don Allah a daina. Kanumfari yana ɗan kashe zafi, ba laifi a yi amfani da shi kafin gari ya waye, amma ba ya rufe rami. Haka kafso da ake saya a kemis, kumburi zai sace na 'yan kwanaki ya dawo, tunda tushen cutar na nan. Batun tsutsar haƙori kuwa, babu ita sam. Wanda kumburinsa ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko haɗiya da numfashi suka fara yi masa wuya, a kai shi asibiti a daren, wannan yana iya kisa.

Sai jinin dasashi. Mutum zai ga ja a jikin buroshi ko aswaki, sai ya riƙa kauce wa wurin, alhali dattin da ya taru a gindin haƙori ne ya kumbura naman. In aka bar shi sai ya daskare kamar dutse, kuma babu buroshin da zai ɓamɓare shi sai na'urar likita. Ina yawan jin ana cewa wankin haƙori a asibiti yana buɗe wushirya ko ya sa haƙora girgiɗi. Ba haka ba ne. Dattin ne ya riga ya cinye dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙorin, da aka ɗauke shi sai ɓarnar ta fito fili. Masu ciwon suga da mata masu juna biyu su fi kowa lura da wannan jinin.

A wajen yara muna cewa ai na nono ne, za su fita. Haƙoran nono 20 ne, su ke riƙe wa na dindindin gurbi, kuma ruɓewarsu na hana yaro ci da barci. Abin da ya fi damuna shi ne turmin farko na dindindin, wanda ke fitowa can baya wajen shekara 6 ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa na ɗaukarsa na nono, alawa da lemon kwalba su cinye shi ana kallo.

Idan yaro ya faɗi a filin ƙwallo haƙorinsa na dindindin ya fice gaba ɗaya, kada a jefar. A riƙe shi ta kai, ban da saiwa, a ɗauraye ba tare da gogewa ba, a mayar da shi gurbinsa ko a tsoma shi a madara, a garzaya wurin likita cikin awa ɗaya. Na nono ba a mayar da shi.

Dirzar haƙori da gawayi ko toka don neman fari yana kankare ɓawon ne, kuma ba ya tsirowa. Buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid sun wadatar, minti 2, sau 2 a rana, musamman kafin kwanciya. A tofar da kumfar, kada a bi da ruwa. Aswaki ya ci gaba da aikinsa tsakanin salloli.

In kuma cirewar ta zama dole, a cije audugar da aka sa na aƙalla rabin awa. Ranar farko ban da kuskure baki, ban da taba, ban da zungurar wurin da harshe, saboda gudan jinin da ya toshe ramin shi ne murfinsa. Washegari a fara ruwan ɗumi da ɗan gishiri a hankali, sannan a tambayi likita yadda za a cike giɓin kafin maƙwabtan haƙorin su karkato ciki.