Yadda ake haɗa ƙwayar kafe iri biyu ko uku

Nijar ba ta noman kafe, don haka duk ƙwayar da aka gani a Yamai daga waje ta shigo. Iri biyu ne manya. Robusta, irin wadda ake nomawa a Kodebuwa, Togo da Kamaru, gajera ce mai zagaye, tsagar cikinta a miƙe. Arabika ta Habasha ko Birazil ta fi tsawo, tsagarta a karkace, kuɗinta ma ya fi yawa. Robusta ke ba da ɗaci da kauri, kuma kafeyin ɗinta, wato abin da ke hana barci, ya kusa ninka na arabika. Ƙamshi da ɗan tsami kuwa na arabika ne.

Kada a soya su a kasko ɗaya. Girmansu da taurinsu ba ɗaya ba ne, kafin wannan ta nuna waccan ta ƙone. A soya kowace daban a wuta matsakaiciya, ana juyawa ba tsayawa, minti 10 zuwa 15. Idan ƙwayar ta fara fashewa kamar gugguru, arabika ta kusa: a ba ta minti 1 ko 2 a sauke. Robusta na son ta ɗan ƙara duhu, amma in mai ya fito yana ƙyalli a jikinta an wuce wuri. A baza a faranti a yi fifita ta huce da wuri, ɓawon ya tashi, sannan a bar ta kwana 3 zuwa 5.

Awo bayan suya ake yi, da sikeli, ba da cokali ba, domin kilo ɗaya na ɗanya yakan dawo giram 800 zuwa 850.

Kafin a gauraya ƙwayar, a gwada da ruwanta, nan ne ake tsira daga asara. A niƙa giram 15 na kowace, a zuba ruwa mililita 250 wanda ya tafasa ya ɗan sarara, a jira minti 4, a tace. Sai a riƙa haɗawa a ƙananan kofuna: cokali 8 na arabika da 2 na robusta, sannan 7 da 3, sannan 6 da 4. A ɗanɗana da zafi, a sake bayan ya huce, don aibin da zafi ya ɓoye sai a lokacin yake fitowa. A gwada shi yadda za a sha shi. Mai shan baƙin kafe zai fi jin daɗin kashi 80 na arabika da 20 na robusta. In kuwa na teburin mai shayi ne, da madarar gwangwani da sukari, arabika zalla ɓacewa take yi, gara 60 da 40 ko rabi da rabi.

Mai son iri uku ya sa Birazil giram 500, Habasha 300, robusta 200. Duk abin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba, da wuya harshe ya ji shi. Kimba ko kanumfari, waɗanda ƴan Senegal ke sa wa kafensu mai suna Tuba, a soya su daban a ƙara lokacin niƙa, kaɗan-kaɗan.

Ɗacin da ke kama maƙogwaro alama ce ta ƙonewa ko niƙa mai laushi da yawa. Tsami mai kaifi, suya ba ta kai ba. Rashin ƙamshi kuwa yawanci ajiya ce: zafin Afrilu da Mayu na saurin cinye shi. A haɗa na mako 2 kawai, a rufe a kwalba mai murfin kirki nesa da rana, a niƙa na ranar. Firiji bai dace ba, in aka ɗauke wuta kwalbar na yin gumi, ƙwayar ta sha danshi.