Shawara ga masu bi ta ƙananan boda

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu zuwa Nijar sayayya ko ziyara, ku daina ɗauka cewa ƙaramar boda ba a bincike. Mutane da yawa suna gudun Jibiya da Illela su bi ta Kongolam ko Maigatari wai can da sauƙi, wallahi kwastam ɗin can sun fi sa ido, motoci kaɗan ne suke wucewa, suna da lokacin da za su sauke kayanka ɗaya bayan ɗaya, kuma sun san fuskar direbobin hanyar, baƙo yana zuwa sun gane shi.

Babban abin da nake roƙonku, kar ku karɓi saƙon da ba ku buɗe kun gani ba. A tasha wani zai zo da kwali a ɗaure yace taimaka ka miƙa wa ƙanena a Maraɗi, in tramadol ce a ciki kai za a riƙe, mai kayan ya ɓace, babu wanda zai saurari rantsuwarka. Ko ɗan uwanka ne ya buɗe a gabanka.

Shigo da shinkafar waje Najeriya haramun ne ta bodar ƙasa, haka ma shigo da motar da aka sayo a waje tun 2017. Man fetur a jarka shi ma kar ku soma. Rasit ɗin kaya ya zama yana aljihu ba a ƙasan buhu ba, takardun mota na asali, katin shaida da katin rigakafin shawara. In kuɗin da ke hannunka ya wuce dala 10,000 ka faɗa da bakinka kafin a tambaye ka.