Darasi na Bakwai: Sauya Sautin Jita da Taku Ɗaya

Mai kaɗa jitar lantarki a kan dandamali ba shi da hannun da ya huta. Ɗaya yana danna tsirkiya, ɗaya yana kaɗawa. Ƙafa ce ta rage masa, ita ma guda ɗaya, domin da ɗayar yake tsaye. Idan waƙa ta kai amshi, ya zama sai ya sauya tashar amfilifaya (na'urar ƙara sautin jita), ya kashe wata feda (ɗan akwatin sauya sauti da ake takawa da ƙafa), ya kunna wata, ƙafar nan ba za ta yi taku uku cikin bugun ganga ɗaya ba. Sai sauti ya yanke, ko ya shigo a makare, makaɗi kuma ya duƙar da kai yana laluben ƙasa, jama'a suna kallon ƙeyarsa. A wannan darasi za ka koyi yadda kowane sauyi zai zama taku ɗaya tak.

San kayanka

Amfilifaya da yawa suna da tasha biyu. Ɗaya tana fitar da sauti garau, ɗaya kuma mai gurnani. Ana sauya su da makunnin ƙafa, wanda ake jonawa a bayan amfilifaya da waya mai kai irin na wayar jita, mai kaurin milimita 6.35. Ɗauki kan wayar ka duba shi kusa da idonka. Idan baƙin zobe ɗaya ne a jikinsa, abu ɗaya yake sauyawa. Idan biyu ne, galibi abu biyu yake sarrafawa, kamar tasha da amsa-kuwwa. Makunnan ma ba iri ɗaya ba ne. Wani idan ka taka yana riƙewa sai ka sake takawa, wani yana saki da zarar ka ɗaga ƙafa. Duba littafin amfilifayarka ka ga wanne take so, domin idan aka ba ta wanda ba nata ba, tasha za ta sauya ta komo nan take, ko ta ƙi sauyawa sai an taka sau biyu.

Takarda kafin kuɗi

Kafin ka sayi komai, ɗauki takarda da alƙalami. Rubuta sunayen waƙoƙin da za ku yi, a gaban kowace ka rubuta sautin da take buƙata. Yawancin makaɗa idan sun yi wannan da gaskiya sukan tarar sauti uku ke riƙe da wasansu: garau na baiti, mai gurnani na amshi, da wanda ya ɗan fi ƙarfi mai maimaitawa, na inda jita ke fitowa ita kaɗai. Duk fedar da ba ta shiga takardar nan ba, cire ta ka bar ta a gida. Na san abu ne mai wuya, domin da guminka ka saye ta. Amma kowace feda tana zuwa da waya da mahaɗi biyu, kuma a irin waɗannan wurare ne sauti ke mutuwa ana tsakar wasa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka daina sauya tasha ɗungurungum. Bar amfilifaya a tashar garau, ka ɗauko gurnani daga feda ɗaya, irin Tube Screamer ta kamfanin Ibanez da ake amfani da ita tun 1979. Ko ka juya lamarin: bar ta a tashar gurnani, ka murɗa maɓallin ƙarar da ke jikin jitarka ƙasa, zuwa wajen shida ko bakwai, sai ka ji sauti ya washe. Idan amshi ya zo, ɗan yatsanka ƙarami ya mayar da shi goma. Wannan yana aiki ne idan ba a cika gurnanin da yawa ba. Ni dai wannan hanya ta biyu na fi so a fara koya, domin ba ta buƙatar ƙafa ko kaɗan. Amsa-kuwwa kuwa, sa ta kaɗan ka bar ta a kunne har a tashi.

Jeri da wurin zama

Sauti yana bi ta fedoji ɗaya bayan ɗaya, don haka jeri yana da muhimmanci. Na'urar saita tsirkiya ita ce farko, sai masu gurnani, sai mai maimaita sauti da amsa-kuwwa a ƙarshe. Idan mai maimaitawa ta riga gurnani, kowace maimaitawa za ta yi gurnani ta hau kan 'yar uwarta, sauti ya dagule kamar ruwan da aka shiga da ƙafa. To idan gurnaninka daga amfilifaya yake fa? Duba bayanta, a amfilifaya da yawa za ka ga ramuka biyu, an rubuta Send a ɗaya, Return a ɗaya. Nan ne wurin mai maimaitawa. Waya ta farko daga jita zuwa fedojin gaba, ta biyu daga su zuwa gaban amfilifaya, ta uku daga Send zuwa mai maimaitawa, ta huɗu daga ita zuwa Return.

Yanzu tsara fedojin a kan katako. Waɗanda kake yawan takawa su zauna a layin gaba. Abu biyun da kullum tare kake kunna su, matso da su har tafin takalminka ya iya rufe maɓallansu a lokaci guda. Manna tef mai haske kusa da kowane maɓallin murɗawa, ka ja layi a inda ka saita shi. Dandamali yana da duhu, kuma a cikin jaka maɓallai suna motsawa.

Idan sauyin ya fi ƙarfin wannan

Akwai akwati mai jerin maɓallai wanda ake jona dukan fedoji a jikinsa. Fedojin suna zaune a kunne, shi ne yake shigar da wadda ake so cikin hanyar sauti, ya fitar da sauran. Boss ES-8, alal misali, yana da madauki takwas, wato wuraren jona feda, yana kuma iya sauya tashar amfilifaya a taku guda. Sai ka ajiye sautinka uku a maɓalli na ɗaya, na biyu da na uku.

Wasu kayan suna magana da juna ta MIDI, tsarin da ya fito a 1983, inda taku ɗaya ke aika wa na'ura lambar sautin da ake so ta koma. Yana da layuka 16 da lambobin sauti 128. Mai aikawa da mai karɓa dole su kasance a layi ɗaya. Ka kuma lura, wata na'ura daga 0 take fara ƙirga, wata daga 1. Idan ka kira sauti na biyar na shida ya amsa, ba lalacewa ba ce, ƙara ko rage ɗaya.

Wuta ma a kula da ita. Yawancin fedoji bolt 9 suke ci, amma karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wutar kowace kafin ka jona.

Aikin gwaji

Kunna amfilifaya da ƙarfin da za ka yi wasa da shi, ba na cikin ɗaki ba. Daidaita sautin garau da na gurnani har ƙararsu ta zo ɗaya, na ukun ya ɗan ɗara su. Sannan zaɓi waƙar da ta fi yawan sauyi, ka kaɗa ta daga farko zuwa ƙarshe idonka yana gaba. Ka sa wani ya ƙirga takunka, ya sa alama a duk inda ka taka sau biyu ko ka kalli ƙasa. Koma ka gyara wuraren nan, ka sake. Daga ƙarshe ka gwada zare wayar jita daga fedoji ka jona ta kai tsaye a amfilifaya, ka ƙarasa waƙar a haka, domin ranar da wata waya ta mutu a gaban jama'a hannunka ya riga ya san hanya.