Yadda ake zaɓen fenti don allon majigi na gida

Wanda ya sayo na'urar majigi a Adum da ke Kumasi domin ya kalli wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kotoko tare da iyalinsa ba sai ya sayi allo na musamman ba, bango ko katakon filawud ya wadatar muddin an shafa masa fentin da ya dace. Da farko a guji fentin mai da duk wani fenti mai sheƙi, ko da mai shago ya ce ya fi jure wanki, domin sheƙin yakan tara haske wuri guda, sai wani farin tabo ya fito a tsakiyar hoto yana kashe ido. Fentin ruwa marar sheƙi shi ne abin nema.

Launi ne wurin da ya kamata a tsaya a yi tunani. Majigi ba ya haska baƙi, baƙin da ake gani a hoto launin allon ne kawai a inda haske bai sauka ba. Saboda haka idan ɗakin yana yin duhu ƙirin, fari tas ya fi, musamman ga ƙaramar na'ura mai raunin haske. Amma a irin gidajenmu na Aboabo da Asawase, inda fitilar tsakar gida ke shigowa ta taga duk dare, ni dai ruwan toka mai haske nake zaɓa, domin shi ke hana hoto dusashewa. A zuba baƙi zalla cikin farin, cokali-cokali, ana juyawa sosai, domin tokar da ta karkata zuwa shuɗi ko rawaya tana sauya launin fuskokin mutane. Kafin a taɓa bango, a shafa haɗi biyu ko uku a jikin kwali, a bari su bushe, a haska su da dare a lokacin da aka saba kallo.

Mai zaman haya gara ya yi amfani da filawud, tunda zai iya tashi da abinsa. Katako mai faɗin santimita 122, idan aka rage tsawonsa zuwa 217, ya dace da hoton 16:9, wato mai faɗi kashi 16 da tsayi kashi 9. A cike ramuka, a goge da samfefa har tafin hannu ya daina jin gargada, sannan a shafa fenti siriri sau biyu ko uku da rola mai gajeren gashi. Da damina a ƙara haƙuri tsakanin shafi da shafi, domin laimar Kumasi tana jinkirta bushewa. A ƙarshe a zagaye gefen da baƙin fenti marar sheƙi mai faɗin santimita 5, ya shanye hasken da ya zarce.